Farilla: Daga Bakin Buta Zuwa Rabon Gado

  

Duk yaron da ya yi shekara biyu a Islamiyya, a Unguwar Sarki yake ko a Kawo ko a Tudun Wada, in aka tambaye shi farillan alwala nawa ne, kafin a rufe baki zai ce bakwai. Zai kuma jero su kamar yadda ya haddace a Ahalari ko Ishmawi: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwa, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa, da jibintawa, wato yin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an bari gaɓa ta bushe ba. Wannan abin godiya ne, kuma ladan yana ga malaman da ke zaune da yaranmu safe da yamma. Sai dai da yawa daga cikinmu, manya da yara, a nan saninmu da kalmar ya tsaya. In an ce farilla, abin da ke faɗo mana a rai shi ne buta da buzun sallah, sai kuma azumin watan Ramadan. Kalmar kuwa ta ɗauko kaya fiye da haka, kuma akwai masu haƙƙi a gidajenmu da ke cutuwa saboda mun ƙuntata ta.

Hausa ta aro kalmar ne daga Larabci ta siga biyu. Daga fard muka sami farali, daga farida kuma muka sami farilla. Ɗalibi zai iya tambaya: ina aka samo harafin lam, alhali babu shi a asalin kalmar? Amsar tana rubuce a kan allunan titunan Kaduna. Wanda ya bi titin Alƙali, ko ya je Dandalin Murtala kallon hawan sallah, ya taka misalai biyu. Alƙali daga al-ƙadi ne, Murtala kuma daga Murtada, kuma a duka biyun harafin da ya rikiɗe ya zama lam shi ne dad na Larabci. Haka abin yake a alwala, da layya, da walaha, da larura, da lamiri, da lamuni, da liyafa, da haila, da falala, har da sunayen Rilwanu da Falalu da Ramalan. Ƙa'ida ce mai tafiya bai ɗaya a tsofaffin kalmomin da muka aro. Waɗanda suka shigo daga baya ta hannun ɗaliban jami'a, irin su muhadara da mudaraba, sun riƙe dal ɗinsu.

Wasu daga cikin matasanmu da suka koyi tajwidi sukan yi murmushi in suka ji gardi ko tsohon liman yana furta kalmar ƙarshe ta Fatiha da wani sauti mai kama da lam. Gyaran karatu abu ne da ake nema, ba mu musun haka, kuma ana ɗaukar karatu ne daga bakin malami. Amma yana da kyau su san cewa Sibawaihi, babban malamin nahawu na Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya siffanta mafitar dad da cewa daga gefen harshe take tare da turamen haƙora, wato maƙwabciyar mafitar lam. Kakanninmu sun ji wannan gefen harshen a bakin waɗanda suka koya musu, suka riƙe shi. Ba su kaɗai ba ne kuma. Mutanen Sifen har gobe suna kiran magajin gari alcalde, daga al-ƙadi, gadon zaman Musulmi a Andalus. Somaliyawa suna cewa faral. Fulani suna cewa farilla kamar yadda muke faɗa.

Kalmar ta bi Musulunci duk inda ya sauka, kowane harshe ya lanƙwasa ta daidai bakinsa. Masu Swahili suna cewa faradhi, Wolof na Senegal suna cewa farata, Turkawa da Farisawa da masu Urdu suna cewa farz. A Indiya da Pakistan ta fita daga masallaci ta shiga maganar yau da kullum, inda farz ke nufin duk wani nauyi da ke wuyan mutum, na ɗa ga iyayensa ko na ma'aikaci ga aikinsa. A Maleshiya da Indonesiya ta shiga har sau biyu: akwai fardu ta malamai, akwai kuma perlu, wadda ta sha yawo a baki har ta koma nufin buƙata kawai, kuma ga lam ɗin nan ya sake bayyana a cikinta. A ƙasashen Magrib kuwa, jarrabawar da malamin makaranta ke ba yara a aji ita ma fard ake ce mata.

Wannan yawon kalma yana da wani tarko da ɗalibanmu ke faɗawa a yanzu, tun da wayar hannu ta kawo wa'azin kowace ƙasa cikin ɗakunanmu. A wajen Malikawa, kamar yadda yake a wajen Shafi'awa, farilla da wajibi abu ɗaya ne: wanda ya aikata yana da lada, wanda ya bari da gangan yana da zunubi. A babin aikin hajji ne suka bambanta su, inda rukuni kamar tsayuwar Arfa ba ya ramuwa da komai, wajibi kuwa kamar jifa ana gyara shi da yanka. Hanafawa sun raba su a ko'ina. Farilla a wajensu ita ce abin da ya tabbata da dalili yankakke, wajibi kuma shi ne abin da ya tabbata da dalilin da bai kai wannan ƙarfi ba. Mafi yawan Turkawa da Musulmin Pakistan da Indiya Hanafawa ne. Saboda haka in ɗalibi ya ji malaminsu yana cewa wutiri wajibi ne, ko layya wajibi ce ga mai hali, ko farillan alwala huɗu ne, kada ya ruga ya ce wa mahaifinsa ya shekara arba'in a kan kuskure. Wutiri da layya sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Imamu Malik, kuma wajibin Bahanafe ba shi ne wajibin Bamalike ba. Yawancin gardamar da ake tafkawa a ƙofar masallaci a kan irin waɗannan mas'aloli, da za a fara da tambayar me kowa ke nufi da kalmarsa, da ba ta kai lokacin sallah ta gaba ba.

Asalin kalmar a Larabci shi ne yanka ko tsaga. Ƙamusoshi sun ce fard shi ne 'yar tsagar da ake yi a kan baka don tsirkiya ta zauna, daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa ƙaddara abu da iyakance shi. Farilla ke nan abu ne da aka yanka, aka auna, aka ce ga iyakarsa. Shi ya sa ake iya ƙidaya ta: salloli biyar, raka'o'i goma sha bakwai, wata guda a shekara.

Yanzu ga abin da muke so mai karatu ya tsaya a kansa. Sigar nan ta farida, wadda ita ce ta zama farilla a bakinmu, ta zo sau shida a Alƙur'ani mai girma. Sau biyu a Suratul Baƙara, aya ta 236 da ta 237. Sau ɗaya a Suratun Nisa'i aya ta 11, sau biyu kuma a aya ta 24. Ta shida tana Suratut Tauba aya ta 60. Wanda ke da tarjamar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a gida, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1967, ya kuma daɗe yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello kafin rasuwarsa a 1992, sai ya buɗe ya duba waɗannan wurare da idonsa. Huɗu daga cikinsu suna magana ne a kan sadaki, ɗaya a kan gado, ɗaya a kan waɗanda ake ba zakka. Duka shida dukiya ce da ke hannun wani, alhali haƙƙin wani ce.

Kada a fahimce mu a karkace. Sallah farilla ce, ita ce ma ginshiƙin addini, kuma hadisin aiken Mu'azu ɗan Jabal (RA) zuwa Yaman ya yi amfani da wannan tushen kalma a kan salloli biyar kafin ya yi amfani da shi a kan zakka. Alƙur'ani dai ya zaɓi lafazin rubutawa ga sallah da azumi, ya ajiye wannan sigar ga matar da aka aura, da magajin da aka mutu aka bari, da talakan da ke da rabo a dukiyar mai arziki. Mu kuma mun ɗauki kalmar mun kai ta bakin buta, mun bar waɗancan ukun da kalmomi masu laushi irin su taimako da kyautatawa.

A ɗauki sadaki. A wajen ɗaurin aure ana shelanta shi a gaban jama'a, a ce lakadan ba ajalan ba, kowa ya shafa fatiha. Mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, kuma mallakar amarya ne ita kaɗai. Ba na uba ba ne, ba na waliyyi ba. Amma sau nawa ake narkar da shi a hidimar biki ba tare da an ko tambaye ta ba? Lefe kuwa, wanda al'ada ce, ana iya ɗaga aure saboda akwati ɗaya bai cika ba. Zakka ma haka: ɗaya cikin arba'in na kuɗi da kayan ciniki in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Akwai ɗan kasuwar da ba ya fashin umarar Ramadan, amma bai taɓa zama ya ƙiyasta kayan shagonsa ba, sai dai ya raba atamfa da shinkafa ga 'yan'uwa da masu yi masa hidima, ya ce ya fitar. Aya ta 60 ta Tauba ta ƙidaya gidaje takwas ne, ba ta bar wa mai dukiya zaɓin na tara ba.

Gado shi ne inda ciwon ya fi zurfi, kuma shi ne ilimin da malamai suka ba sunan kalmar kacokan, suka kira shi ilimin fara'id, jam'in farida. Allah bai bar rabon ga Annabi ko sarki ko babban wa ba. Shi da kanSa Ya yanka kason: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Bayan ayoyin kuma Ya kira su iyakokinSa, Ya yi alkawarin Aljanna ga mai kiyayewa da wuta ga mai ƙetarewa, a aya ta 13 da ta 14 ta Suratun Nisa'i.

Kaduna gari ne na zuwa. Tun da Turawa suka mayar da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, mutane ke tahowa daga Katsina da Sakkwato da Borno da Bida da Ilori, wasu aikin gwamnati, wasu jirgin ƙasa, wasu masaƙa, wasu kasuwa. Da yawansu sun sami fili a Unguwar Rimi ko Unguwar Dosa ko Malali ko Badarawa a lokacin da wuraren suke gefen gari. Masu gidajen sun riga mu gidan gaskiya, gidajen sun yi daraja, magada kuma sun warwatsu. Abin da muke yawan ji a masallatai da zaurukan sulhu labari ɗaya ne da fuskoki daban-daban: malam ya rasu shekara goma sha biyar, ba a raba ba, babban wa ne ke karɓar kuɗin haya, takardar mallaka tana akwatinsa, 'yan'uwa mata kuma suna jin nauyin tambaya.

Bari mu buga misali da lissafi. A ce mutum ya rasu ya bar gida mai darajar naira miliyan 24, bayan an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumunin takaba, miliyan 3. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Ragowar miliyan 17 za a kasa ta biyar, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, wato miliyan 6.8, macen ta ɗauki kashi ɗaya, miliyan 3.4. Wannan lissafi ɗan sakandare zai gama shi a bayan ambulan.

To, a ce an yi jinkiri. Mahaifiyar ta rasu kafin a raba. Miliyan 4 ɗinta ba ta komawa cikin gida, ta zama gadon nata magadan, wato baffanni da gwaggwannin yaran, kuma in tana da ɗa namiji a raye, jikokin nan ba su da komai a ciki. Matar ta gama takaba ta yi wani aure. Tumuninta yana nan, aure ba ya zubar da shi. In ita ma ta rasu a gidan sabon mijin, yana da rubu'in abin da ta bari tun da tana da 'ya'ya, wato naira 750,000 daga wancan kason. Ga baƙo ya zama mai haƙƙi a gidan da bai taɓa kwana a ciki ba. Malamai suna kiran wannan munasakha, gado a kan gado, kuma kowace shekara ta jinkiri tana ƙara masa rassa. Gidan da mutum biyar za su raba cikin mutunci ya koma na mutum ashirin waɗanda wasunsu ba su san juna ba, daga nan sai kotu, daga kotu sai yanke zumunci.

Uzurorin da ake kawowa sanannu ne. Kada a ce muna jiran mutuwarsa. Kada gidan baba ya fita hannu. Ai mace tana gidan mijinta, me za ta yi da ɗaki a nan? Wannan ba sabon ciwo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa cikin bidi'o'in da ya yi yaƙi da su a rubuce-rubucensa yadda babban magaji ke mamaye dukiyar mamaci da sunan shi ne makwafin uba. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan, kuma har yau muna ba abin suna mai daɗi, muna cewa riƙon gida.

Shari'a ba ta tilasta a sayar da gida ba. Magada baligai masu hankali suna iya yarda su bar shi a haɗe, matuƙar kowa ya san kasonsa a rubuce, ana kuma raba kuɗin haya daidai wannan kason. Ɗaya yana iya sayen rabon sauran a kan farashin da masana suka ƙiyasta. 'Yar'uwa tana iya yafe nata, amma bayan ta san ko nawa ne, kuma tana da ikon cewa a'a ba tare da an ɗaure mata fuska ba. Malaman Malikiyya na Magrib sun yi fatawa cewa kyautar da mata ke yi wa 'yan'uwansu maza a wuraren da al'ada ta hana mace neman gadonta ba ta inganta, domin kunya da tsoron gori ne suka karɓe ta. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yafe shi, ko uwarsa. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, babu saɓani cewa ba a dafa ta da dukiyar maraya.

Bashi ma yana gaba da rabo, kuma shi ne aka fi mantawa. Ana tambaya a wajen jana'iza ko akwai mai bin mamaci, wani ɗa ya ce ya ɗauka, a tashi ke nan. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Cikin bashin da ake bin mamaci har da sadakin matarsa in bai cika shi ba, da kuɗinta da ya karɓa ya sa a ginin gidan ko a jari. Waɗannan ana fitar mata da su ne kafin a zo kan tumuninta.

Hadisin ƙudusi da ke cikin Sahihul Bukhari ya nuna cewa bawa ba ya kusantar Allah da abin da ya fi soyuwa gare Shi kamar abin da Ya farlanta masa, nafiloli kuma suna zuwa ne a bayan haka. Mun san wannan a babin sallah. Babu wanda zai bar asuba ya ce walaha ta isar masa. Wanda ke gina masallaci ko yake ciyar da masu buɗa-baki alhali rabon ƙanwarsa yana hannunsa, irin wannan musanyar yake yi.

Malamai sun kasa farilla gida biyu: farali aini, wanda ke kan kowane baligi, da farali kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari kuma kowa ya yi laifi. Mun fi saninsa a wankan gawa da sallar jana'iza. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa likitanci da lissafi a wannan sahun a littafinsa Ihya'u, ya kuma ambaci rabon gado cikin dalilan buƙatar lissafi. Kafin shi, Al-Khawarizmi na Bagadaza ya cika babban sashe na littafinsa na aljabara da mas'alolin wasiyya da gado. Sanin fara'id ke nan nauyi ne a kan kowace unguwa. Kotunan shari'ar Musulunci suna raba gado, kuma zuwa wajensu ba tonon asiri ba ne, amma bai kamata a ce unguwa mai masallatai goma ba ta da mutum biyu da za su iya zama da iyali su fitar da kason kowa kafin maganar ta zama ƙara ba.

Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kaka da kakanni, tana da babi biyu a jere kusa da ƙarshenta, dukansu da kalmar fara'id a sunansu. Na farko a kan rabon gado yake, na biyu a kan farillai da sunnonin ibada. Ɗalibai da yawa ba sa kaiwa can, domin aure ko kasuwa ko jami'a kan ɗauke su tun ana babin zakka ko na hajji. Shawararmu ga shugabannin Islamiyyu ita ce kada a jira ƙarshen littafi. Yaron da ya kai ajin da ake koya masa rabi da kwata da ɗaya bisa takwas a makarantar boko ya isa a koya masa kason uwa da na mata da na 'ya a Islamiyya, a shekarar nan, da misalai na naira da ɗakuna, kuma 'yan mata su kasance a sahun gaba na wannan darasin.